Sidi Mahmudu Mutumin Bagadaza, Mai Halwar Duwatsun Azbin

'Yan'uwanmu mazauna Kudu waɗanda su kan zo ganin gida ta hanyar Jebba da Mokwa da Bida sun san yadda ƙasa ke sakewa in an doso Minna. Kurmi ya daɗe da ƙarewa, sai duwatsu jefi-jefi, wasu har cikin gari. In ka tambayi tsofaffin wurin za su gaya maka Gwarawa, watau Gbagyi, a bisa irin waɗannan duwatsu kakanninsu suka zauna, don gudun mahara, musamman zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim na Kwantagora. Sai da hari ya mutu, jirgin ƙasa ya iso, sa'an nan suka riƙa saukowa. To, wannan hawan dutse ne na tsoron mutum. Akwai kuma waɗanda suka hau dutse ba wanda ya kore su, sai neman kaɗaita da Ubangiji. A cikinsu, a nan ƙasashenmu na baƙar fata, da wuya a sami wanda sunansa ya kai na Sidi Mahmudu Albagadadi, wanda ya kafa wuraren halwa a duwatsun Azbin fiye da shekara 450 da suka wuce, aka kuma kashe shi a can. Tarihinsa za mu ɗan taɓa yau.

Azbin dai ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Tana arewa da Damagaram da Damargu, cikin Jumhuriyar Nijar ta yanzu, babban birninta Agadas. Gobirawa sun ce daga can suka taso. A da, daga can ayarin gishirin Bilma ya kan sauko Kano da Katsina da Sakkwato da kaka, ya koma da gero da baƙin rini, har a birnin Kano akwai unguwa sukutum mai suna Agadasawa. Wanda ya san dawaki kuwa ya san ɗan Azbin, ya kuma ji sunan Bagazam. To, Bagazam ɗin nan dutse ne, shi ne mafi tsawo a duk Nijar, ƙwanƙolinsa ya haura mita 2,000. Ƙasar baƙaƙen duwatsu ce da kwaruruka, da ƙoramun da ba su ganin ruwa sai 'yan kwanaki da damina. Da rana zafi, da hunturu kuwa a kan dutse sanyi ya kan kai ruwa ya daskare. Wanda zai zauna nan bai zo don jin daɗi ba.

Sa'ad da Sidi Mahmudu ya iso, cikin rabin farko na ƙarni na 16, Azbin ta riga ta daɗe da Musulunci. An kafa sarautarta wajen 1405, daga baya fada ta koma Agadas. Shaihu Magili ya ratsa ƙasar, ya karantar a Takadda, kafin ya zo Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa. Shaihu Suyuɗi na Masar ya aiko wa sarakunan Agadas da na Katsina wasiƙar nasiha cikin 1493. Askiya Muhammadu na Sangai ya kawo yaƙi Agadas har sau biyu, na ƙarshe wajen 1515, aka riƙa ba shi gandu. Akwai manyan malamai 'yan ƙasa, irin su Al'aƙibu na Anu Samman, wanda ya yi karatu wurin Magili da Suyuɗi duka. Malaman nan masu fiƙihu ne na Malikiyya, masu fatawa, su ke riƙe da alƙalanci da limanci, su ke zama kusa da sarki. A riƙe wannan, gama zai yi amfani gaba.

Laƙabinsa ya nuna shi mutumin Bagadaza ne, mabiyansa kuma sun riƙe cewa sharifi ne, jikan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Zamanin nan kuwa Gabas a rikice ta ke. Cikin 1508 Shah Isma'ilu na Farisa ya ci Bagadaza, aka taɓa har hubbaren Imamu Abu Hanifa da na Sidi Abdulƙadiri Jilani, malaman Sunna da sufaye da yawa suka watse. Cikin 1517 Turkawa suka ci Masar, cikin 1534 suka karɓe Bagadaza. A Alƙahira kuwa, wadda ita ce mashigar alhazanmu da fatakenmu, a daidai lokacin nan ɗariƙar Halwatiyya ke tashe. Shaihu Damardashi yana da zawiya a bayan gari mai 'yan ɗakunan halwa jere, da lambu wanda shi da kansa ya dasa, ya ke ciyad da mutane daga cikinsa. Abokinsa Shahinu, wanda da sojan sarki ne, ya ajiye makamai ya hau dutsen Muƙaɗɗam da ke bisa birnin, ya zauna can shekara da shekaru har ya rasu cikin 1547, kangon masallacinsa yana nan manne da dutsen. Masu binciken tarihi sun lura irin zikiri da ladubban da Sidi Mahmudu ya koyar sun yi kama ƙwarai da na waɗannan sufaye na Gabas, sun kuma bambanta da abin da aka saba da shi a Magariba da Tambutu. Watau ke nan baƙo ne, ya kuma zo da baƙon abu.

Ga al'ada, baƙon malami in ya sauka a birnin sarauta, fada ya kan nufa. A ba shi masauki, a aiko masa da tuwo da riguna, in ya yi dace a aura masa 'ya, shi ke nan ya zama ɗan gari. Amma duk wuraren da sunan Sidi Mahmudu ya zauna a kansu ba a cikin Agadas su ke ba, suna can cikin duwatsu, irin su Abatul da Agalanga. Can ya tara almajirai, waɗanda a ke kira fuƙara'u, watau mabukata zuwa ga Allah. Masallatan duwatsun nan, waɗanda kangayen wasunsu ke tsaye har yanzu, ba su da wani ƙawa. Gini ne na duwatsu da aka jera, gajere, rufinsa ƙasa-ƙasa, cikinsa da duhu, ga 'yan ɗakuna a gefe, ga maƙabarta kewaye. Wanda ya ga hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a wannan ƙarni, ya kuma ga waɗannan, zai gane mutane iri biyu ne suka yi su.

Yanzu sai mu tsaya kan ita halwar, don mafi yawanmu mun san sunan, ba mu san aikin ba. Yau in aka ce malam ya shiga halwa, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne wani attajiri ya ba da kuɗi a roƙa masa kasuwa, ko ma'aikaci yana neman ƙarin girma, ko mai takara yana neman kujera. A Sabon Badun da Agege da Shagamu ba a rasa masu wannan sana'a, ba kuwa mu ce duka maƙaryata ne ba. Amma halwar sufaye ba a shigarta don a fito da wani abu a hannu. Asalinta suna kai shi ga kaɗaitar da Annabi ya riƙa yi a kogon Hira kafin wahayi, da kwana arba'in na Annabi Musa a dutse, shi ya sa cikakkiyar halwa kwana arba'in ce, ko da ya ke a kan yi ta kwana uku ko bakwai ga mai farawa.

Sharuɗɗanta, kamar yadda littattafan sufaye suka kawo tun daga Imamu Junaidu na Bagadaza, masu nauyi ne. Mutum ya shiga ɗan ɗaki mai duhu wanda bai fi ya tsaya ya yi salla ba. Kada alwala ta rabu da shi. Ya yini da azumi, in ya sha ruwa ya ci kaɗan, kullum yana ragewa. Ya kame bakinsa daga magana, ya rage barci, harshensa da zuciyarsa su lizimci hailala dare da rana. Duk tunanin da ya faɗo masa, na gida ne ko na dukiya ko na tsohuwar gaba, ya kore shi. Ya ɗaure zuciyarsa ga shaihinsa, ya kuma bar jayayya da abin da Allah ya hukunta masa, ko buɗi ya samu ko bai samu ba. Ba ya fita sai don biyan bukata ko sallar jam'i, shi ma kansa a sunkuye.

Mai karatu zai ga mutum ɗaya ba zai iya wannan shi kaɗai ba, nan kuwa aikin mai riƙon wurin ya ke. Kowane mai halwa yana bukatar hadimi wanda zai ajiye masa ruwan alwala da ɗan abin buɗa baki a bakin ƙofa, ba tare da ya ce masa uffan ba. Ruwan nan daga rijiya ko tafkin cikin dutse za a ɗauko shi a salka. Geron da za a dama kuwa Azbin ba ta noma abin da zai ishe ta, daga Damargu da ƙasar Hausa raƙuma ke kawo shi, a haɗa da dabino da cuku da nonon awaki. Saboda haka in mutum goma suna ɗaka suna zikiri, to akwai wasu da yawa a waje suna kiwo, suna daka, suna jan guga, suna tafiya fatauci, kuma dole a sami makiyayan da ke kewaye su yarda su riƙa kawo sadaka, su kuma hana mahara taɓa wurin. Wanda ya iya haɗa wannan duka a ƙasar da ba danginsa, ba harshensa, ba ƙaramin shugaba ba ne. Sarkin Hausawa na kowane zango a Kudu, wanda ya san wahalar saukar baƙi da ciyad da su da raba su faɗa, zai fi kowa gane haka.

Babban aikin shaihi kuwa shi ne tsaron hankalin almajiri. Yunwa da duhu da rashin barci su kan sa mutum ya ga haske, ya ji murya, ya yi mafarkai masu ban tsoro ko masu daɗi. Sufaye da kansu sun yi gargaɗi cewa wanda ya shiga halwa ba jagora, Shaiɗan ya kan yi wasa da shi, ya fito yana ganin ya zama wani abu, ko ya fito da taɓin hankali. Don haka ba a shiga sai da izni. Shaihi ne zai duba ya ga wane ya isa, wane bai isa ba, wane kuma gara a bar shi a wajen jan ruwa shekara guda tukuna don girman kansa ya karye. Shi zai riƙa zuwa bakin ƙofa almajiri ya faɗa masa abin da ya gani, ya rarrabe masa na gaskiya da na ruɗi, in ya ga abin zai fi ƙarfinsa ya fito da shi. Ban da halwa kuma akwai zikirin taro, inda fuƙara'u ke yin da'ira suna ambaton Allah da ƙarfi, da numfashi mai fita daga ƙirji, har wani ya fita hayyacinsa.

Abin ya karɓu. Mutane suka riƙa hawa duwatsu suna karɓar wuridi, labarin karamominsa ya bazu cikin ƙasa. Daga nan fa wuta ta tashi. Malaman fiƙihu suka tsaya a kan cewa ba su yarda da shi ba, suka kai ƙara wurin Sarkin Agadas Ahmadu, wanda ya yi sarauta wajen 1541 zuwa 1556, suka yi ta zuga shi har ya yarda. Aka tura mayaƙa cikin duwatsu, aka kashe Sidi Mahmudu a Agalanga. Can kabarinsa ya ke. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo wannan labari cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya wallafa cikin 1812, ya kuma lissafa shi cikin waliyyan ƙasar, ya ɗora laifin a kan malaman da suka zuga sarki.

A nan ya kamata mu yi adalci. Ba lalle ne a ce dukan malaman nan hassada ce kaɗai ta motsa su ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa kan Risala da Muhtasar, ya ga baƙo ya zo da zikiri mai ƙara da jijjiga wanda bai taɓa gani wurin malamansa ba, ya ga jahilai suna ba da labarin karamomi suna ƙarawa da nasu, yana da dalilin yin tambaya. Irin wannan muhawara ba ta mutu ba, mun ga yadda ta raba masallatai da zumunci a garuruwanmu tun daga shekarun 1970. Amma kuma ba a ɓoye ya ke ba cewa duk buhun geron da ya hau dutse, da can ƙofar wani malamin birni za shi. Sarki kuma yana da nasa lissafin. Sarautar Agadas ba mai ƙarfi ba ce, manyan kabilun Buzaye ne ke naɗawa su tuɓe, saboda haka duk wanda ya tara jama'a a duwatsu, suna jin maganarsa fiye da ta fada, abin tsoro ne ko da bai riƙe ko sanda ba. A ganinmu inda malaman suka ɓata shi ne da suka bar tawada da alƙalami, waɗanda su ne makamansu, suka ari takobin sarki. Baƙo kuwa, in magana ta kai nan, ba shi da dangin da za su tsaya masa.

Kisan bai kashe hanyar ba. Almajirai suka ci gaba da riƙon masallatansu a kwaruruka, uba ya bar wa ɗa, aka riƙa kiran ɗariƙar Mahmudiyya. Fiye da shekara 100 bayan haka, wani malamin Azbin, Shaihu Ahmadu Sadiƙu ɗan Shaihu Uwaisu, ya tattara abin da ya gada na labarin Sidi Mahmudu da koyarwarsa, da ladubban almajiri tare da shaihi, da na zikiri da halwa, ya rubuta littafi mai suna Ƙudwatul Mu'utaƙidi. Mafi yawan abin da aka sani game da shi yau daga nan ya fito. A zamanin Ahmadu Sadiƙu ɗin nan ne wani matafiyi, Ahmadul Yamani, wanda ya taso daga ƙasar kogin Nilu, ya ratsa Barno ya zauna wurin Shaihu Abdullahi Albarnawi a Kulumbardo, ya biyo ta Azbin, ya kai labarin sufayen ƙasashen nan har birnin Fas. Ita ma Kulumbardo zaman sufaye ce ta masu ibada da noma, ita ma ba ta ƙare lafiya ba, mahara suka faɗa mata cikin 1677 suka kashe shaihin.

Mu kuma nan ƙasar Hausa igiyar ta iso mu ta wajen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da shi. Yana saurayi ya bi malaminsa Jibirilu ɗan Umaru har Agadas, ya zauna tare da shi wajen shekara guda. Kowa ya san Shehu Baƙadire ne, amma cikin salsalolin da ya rubuta na shaihunansa ya kawo ta Halwatiyya da ta Mahmudiyya. Wani abin lura kuma, sa'ad da jihadi ya tashi cikin 1804, Sarkin Agadas na lokacin, Muhammadul Baƙiri, magajin gadon wanda ya sa aka kashe Sidi Mahmudu, yana cikin sarakunan da suka goyi bayan Shehu.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne da Nasara. Cikin Disamba 1916 Kawusan da Sarkin Agadas Tagama suka tsare sojan Faransa a barikin Agadas, har zuwa Maris 1917 da gudunmawa ta iso daga Damagaram, Ingilishi ma suka taimaka daga Nijeriya. Ramuwar da Faransawa suka yi ba ta da kyaun faɗi. Aka karkashe malamai a Agadas, aka kwashe dabbobi, aka kori mutane daga duwatsu, littattafai suka salwanta, masallatai suka zama kango. Da yawa daga Buzayen da suka watsu cikin ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato a lokacin nan suka sauko.

Daga cikin wannan kufai ne wani malami, Malam Musa Abatul, ya tashi ya sake tara jama'a a yankin Tabalot, gindin Bagazam, ya raya wuridin da sunan Halwatiyya, yana danganta kansa da Sidi Mahmudu. Dabararsa ita ce ya haɗa ibada da lambu. Ya hori almajirai su haƙa rijiyoyi su yi noman rani, su ci guminsu, su nisanci rigimar masu mulki, don ya ga abin da takobi ya jawo wa ƙasar. Ya rasu cikin 1959, shekara ɗaya kafin Nijar ta sami mulkin kai. Tabalot kuwa ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren lambu na Azbin, albasarta har ƙasashen bakin teku a ke kai ta.

Cikin 1990 wani Baturen Ingila masanin Larabci, H. T. Norris, ya buga littafi a Okasfod kan Sidi Mahmudu da masu halwar Azbin, ya fassara yawancin Ƙudwa zuwa Turanci. Buzayen duwatsu dai ba su jira wannan ba. Su kan kai ziyara tsofaffin masallatan nan, su yi yanka su dafa, su raba sadaka, su kwana suna zikiri, sa'an nan su sauka Agalanga su yi addu'a a kan kabarin baƙon da ya zo musu daga Bagadaza. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa da su da mu baki ɗaya.